Aika Saƙo da Murya a Cikin Mota: Fasahar Bluetooth a Hanyoyin Tamale

Birnin Tamale, hedikwatar Yankin Arewa a ƙasar Ghana, yana kan babbar hanyar da ta taso daga Kumasi ta ratsa Techiman da Kintampo, ta zarce Bolgatanga har Paga da ke bakin iyakar Burkina Faso, don haka ba ya rabo da manyan motocin da ke ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema, da motocin fasinja, da masu jigilar doya da masara da dabbobi zuwa kudu. Direban da ke wannan hanya ba ya rasa mai nemansa a waya, domin mai kaya yana son jin inda lodi ya kai, mai mota yana jiran lissafi, iyali kuma suna tambayar lokacin isowa. Dokokin zirga-zirga na Ghana na shekarar 2012, waɗanda aka fi sani da L.I. 2180, sun hana riƙe waya a hannu yayin tuƙi, kuma matsin da ke tsakanin buƙatar amsa saƙo da wannan hani shi ne ya sa hankali ke karkata ga fasahar da ke ba direba damar jin saƙo da mayar da amsa da baki kawai.

Bluetooth hanya ce ta haɗa na'urori biyu da ke kusa da juna ta igiyar rediyo mai gajeren zango, wadda a wayoyin hannu ba ta cika wuce mita 10 ba. Injiniyoyin kamfanin Ericsson na Suwidin ne suka soma aikinta a 1994, sannan a 1998 aka kafa ƙungiyar kamfanonin da ke kula da ƙa'idojinta. Abin da masu mota da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kowane aiki yana da tasa ƙa'idar dabam: akwai HFP mai ɗaukar kiran waya, da A2DP mai kai karatu ko kiɗa zuwa lasifikar mota, da kuma MAP wadda ita kaɗai ke ba mota izinin leƙa akwatin saƙonnin waya. Mota na iya mallakar biyun farko ta rasa ta ukun, shi ya sa wani zai haɗa wayarsa ya ji wa'azi ko labarai rangadau, amma saƙo ya shigo motar ba ta ce uffan ba. Idan duka sun cika, saƙon da ya shigo sai murya ta karanta shi, direba ya faɗi amsa, makirufo ya ɗauka, manhajar gane magana ta mayar da sautin rubutu, ta maimaita masa don ya tabbatar kafin ta aika. Tsarin Sync na kamfanin Ford ya kawo karanta saƙo a mota tun 2007, daga baya CarPlay na Apple ya fito a 2014, Android Auto na Google kuma a 2015, ko da yake waɗannan biyun sun dogara ne ga kebul ko Wi-Fi wajen ɗaukar nauyin aikin.

Yadda abin yake ke nan a takardar kamfani, amma titin Tamale yana da nasa hukuncin. Yawancin motocin haya tsofaffi ne da aka shigo da su bayan sun yi aiki a ƙasashen waje, kuma abin da ake gani a gabansu sau da yawa wata 'yar na'ura ce da ake cusawa a ramin kunna taba, wadda ke karɓar sauti daga waya ta watsa shi zuwa rediyon mota ta zangon FM. Makirufonta ɗan ƙarami ne, yana can ƙasa kusa da giya, nesa da bakin direba, ga tagogi a buɗe saboda zafi, ga ƙarar inji da hirar fasinja da hon na kowane ɓangare. Tsofaffin na'urorin HFP kuma suna matse murya su zubar da wani ɓangare na sautinta, ta yadda abin da ke isa ga manhaja ya riga ya raunana. Bayan haka, Tamale gari ne na babura da kekuna da keke mai ƙafa uku, inda mata da maza ke tuƙa babur zuwa kasuwar Aboabo da wuraren aiki, kuma hanyar da wasu suka samo ta 'yanta hannu ita ce soke waya tsakanin kunne da hular kwano, ko a ƙarƙashin hijabi, ana tafe ana magana.

Matsalar harshe ta fi ta na'ura zurfi. Manhajar gane magana tana koyo ne daga ɗimbin sa'o'i na muryoyin da aka naɗa tare da rubutunsu, saboda haka ƙwarewarta a kowane harshe tana bin yawan abin da aka ciyar da ita. Dagbanci shi ne harshen gari a Tamale, Hausa ita ce ta zango da fatauci, Turanci na makaranta da ofis, ga kuma Twi da ke shigowa daga kudu, kuma ɗan kasuwa yakan gwama biyu ko uku a jimla guda ba tare da ya ji ya yi wani abin mamaki ba. An samu ci gaba na gaske: Google ya sanya Hausa a manhajarsa ta fassara a 2013, ya buɗe cibiyar bincike a Accra a 2019, sannan a 2024 ya ƙara Hausa da Twi cikin harsunan da ake iya rubutawa da murya, ƙungiyar Ghana NLP kuma ta sa Dagbanci a manhajarta mai suna Khaya. Sai dai Hausar zangunan Ghana ta bambanta da daidaitacciyar Hausa wadda aka gina a kan karin Kano, a lafazi da kalmomin aro, har ma da nahawu, tunda masu ita galibi ba sa rarrabe jinsin namiji da na mace a cikin jimla. Sunayen garuruwa irin su Savelugu da Kumbungu da Nyankpala, da adadin buhuna da na kuɗin sidi, su ne ainihin abin da saƙon direba ke ɗauke da shi, kuma a nan ne kuskure ya fi tsada, domin lamba ɗaya da ta sauya tana iya haddasa rigima tsakanin mai kaya da mai mota. Ba mamaki jama'a suka rungumi saƙon murya na WhatsApp, wanda ba ya buƙatar iya rubutu ko amincewar wata manhaja, amma shi kuma galibi ba ya bi ta ƙa'idar MAP, kuma naɗarsa kan sa a ɗauki waya a danna.

Ko da an warware waɗannan duka, akwai sauran abin da ya fi su nauyi, wato hankalin direba. Masana sun kasa shagala gida uku: ta ido, ta hannu, da ta tunani, kuma fasahar murya tana rage biyun farko ne kawai. A 2013 David Strayer na Jami'ar Utah a Amurka, tare da gidauniyar AAA mai binciken kiyaye haɗurra, ya gwada ayyuka daban-daban da direba kan yi, ya tarar cewa sauraro da tsara saƙo ta murya ya fi sauraron rediyo da hira a waya cin hankali. A wannan shekarar Cibiyar Sufuri ta Texas A&M ta gano cewa lokacin da direba ke ɗauka kafin ya mayar da martani ga abin da ya gitta ya kusan ninkawa, ko da yatsa ya rubuta saƙon ko da baki, alhali direbobin suna jin kamar sun fi aminci da murya. Binciken Strayer na 2015 ya ƙara nuna cewa shagalar kan iya ɗorewa har daƙiƙa 27 bayan an gama magana da na'ura. Motar da ke gudun kilomita 40 a sa'a tana cin mita 300 a wannan ɗan lokaci, kuma mita 300 a tsakiyar Tamale cike suke da babura da 'yan makaranta da awaki da masu tallan ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mai amfani da waya yana tuƙi ya ninka waninsa kusan sau huɗu a yiwuwar yin haɗari, ta kuma bayyana cewa wayar da ba a riƙe ba ba ta fi wadda aka riƙe aminci sosai ba. Wani abin damuwa shi ne, duk lokacin da manhaja ta yi kuskure sai direba ya saurara, ya gyara, ya sake faɗi, wani lokaci ya saci kallon allo, ma'ana raunin manhaja a Hausa da Dagbanci yana ƙara wa mai waɗannan harsuna haɗarin da mai Turanci bai ɗauka ba.

Saboda haka fasaha mafi amfani ita ce wadda ke sa waya ta yi shiru. Tun 2017 wayoyin iPhone suke da tsarin da ke kunna kansa da zarar waya ta haɗu da Bluetooth na mota, ya danne sanarwa, ya aika wa zaɓaɓɓun mutane amsar da aka riga aka rubuta, kuma a wayoyin Android manhajoji irin su Tasker da MacroDroid suna iya yin makamancin haka. Wannan amsa ba ta buƙatar na'ura ta gane maganar kowa, domin mai waya ne ke rubuta ta tun yana tsaye a tasha, da Hausa ko Dagbanci, yana sanar da cewa yana kan hanya kuma zai kira idan ya tsaya. Ko 'yar na'urar ramin taba tana iya tayar da tsarin, tunda haɗuwar ake buƙata. Abin da ya rage na mutane ne: mai kaya da mai mota su yarda cewa labarin lodi zai zo daga Buipe ko Kintampo ko Walewale, inda mota ke tsayawa, kuma ƙungiyar direbobi ta GPRTU da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda dokar 2019 ta ƙara wa iko, suna da damar koyar da saita wannan tsari a tashoshin mota, inda yaron mota zai iya riƙe wayar maigidansa idan saƙon na gaggawa ne.