Salon Maganar Ingilishi «Old Boy Network»: Ma'anarsa, Amfaninsa da Matsalar Fassara Shi

1. Gabatarwa

Masu shirya littattafan yaƙi da jahilci da masu tsara ƙamus sukan ci karo da rubuce-rubucen da aka fara wallafawa da Ingilishi, aka juya su da Faransanci, sa'an nan aka buƙaci mayar da su Hausa. A irin wannan doguwar hanya, salon magana shi ne kayan da ya fi saurin fashewa, domin ma'anarsa ba ta fitowa daga tara ma'anonin kalmominsa ɗaya bayan ɗaya. Wannan maƙala ta ɗauki misali guda, wato «old boy network», wanda Ingilishi ke zargin wani nau'in son kai da shi.

2. Kalmomin da suka gina shi

«Old» na nufin tsoho, «boy» yaro, «network» kuwa saƙa ce irin ta komar masunta, wadda kowane ƙulli nata ke riƙe da wani. Wanda ya bi kalmomin a jere zai samu «komar tsohon yaro», maganar da ba ta da kai balle gindi. Wanda ya biyo ta Faransanci kuma yana iya faɗawa wani rami dabam, domin «vieux garçon» tuzuru ne, namijin da ya manyanta bai yi aure ba. A Ingila, «old boy» tsohon ɗalibin wata makaranta ne, ko shekarunsa 20 ko 80. Tsufan na ɗalibcin ne, ba na jiki ba.

Saboda haka ma'anar salon ita ce: hulɗar da ba a rubuta ta a ko'ina ba tsakanin mazan da suka fito makaranta ɗaya, wadda ta hanyarta suke samar wa juna aiki, muƙami, kwangila ko kariya, alhali akwai waɗanda suka fi cancanta.

3. Ƙasar da ya tsiro

Makarantun da ake nufi tun farko su ne na kwana masu tsadar kuɗi, irin su Winchester da aka kafa a 1382, Eton a 1440 da Harrow a 1572. Ingilishi na kiransu «public schools». A nan ma akwai tarko ga wanda ya yi karatu da Faransanci, domin «école publique» makarantar gwamnati ce ta kowa da kowa, waɗannan kuwa na masu hali ne.

Tarihin mulkin Birtaniya ya nuna abin da ya ba salon ƙarfi. Firaminista 20 ne suka yi karatu a Eton. Uku daga cikinsu sun gaji juna a jere: Anthony Eden a 1955, Harold Macmillan a 1957 da Alec Douglas-Home a 1963. David Cameron ya biyo baya a 2010, Boris Johnson a 2019. Wannan ya faru duk da cewa tun 1854 rahoton Northcote da Trevelyan ya nemi a riƙa ɗaukar ma'aikatan gwamnati ta jarrabawa, kuma aka soma aiki da hakan a yawancin ma'aikatu a 1870. Daga nan ake gane nauyin maganar: tana zargin alfarmar da ke bi ta bayan doka, inda a fili an ce cancanta ce kaɗai ma'auni.

4. Yadda ake amfani da shi

Salon suna ne, kuma galibi yana zuwa da «the» a gabansa. An fi jin sa a jimloli irin su «he got the post through the old boy network», wato ya sami muƙamin ta hannun abokan karatunsa. Akan kuma ce «old boys' network» ko «old boys' club». Danginsa na kusa shi ne «the old school tie», daga ƙyallen wuya mai ratsi da tsofaffin ɗaliban kowace makaranta ke ɗaurawa, su gane juna ko ba a yi magana ba.

Abu uku ya kamata a lura da su. Na farko, yawanci maganar suka ce. Wanda aka hana ne ke faɗarta, ko ɗan jarida, da wuya wanda ya ci moriya ya ambace ta. Na biyu, ma'anarta ta faɗaɗa har ta shafi jami'a, soja, banki da kulob. Na uku, kalmar «boy» ba ta zo a banza ba: mata kan yi amfani da salon wajen nuna yadda maza ke rufe musu ƙofa.

Dole a raba shi da maƙwabtansa. «Nepotism» fifita dangi ne na jini. Cin hanci na buƙatar kuɗi ko toshiya, a nan kuwa ba a miƙa kome, sai dai bashin alheri da za a biya wata rana. «Teacher's pet» da «blue-eyed boy» na nuna mutum ɗaya da babba ya ɗauka ɗan lele. Wannan salon yana nuna jama'a ce masu ɗaga juna.

5. Neman takwara a Hausa

Hausa ba ta rasa kalmomin wannan fage ba, sai dai kowace na da iyakarta. «Ɗan mowa» da «ɗan lele» na fifikon cikin gida ne. Karin maganar nan, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, ta kama amfanin samun naka a wurin rabo, amma tushenta dangantakar jini ce. «Kamun ƙafa» na ƙarami ne da ke roƙon babba, kamar «piston» na Faransanci, alhali a salon Ingilishin tsara ne ke taimakon tsara. «Zumunci» kuwa kalmar yabo ce; wanda ya sa ta ya mayar da zargi kirari. Mafi kusa su ne «sanayya» da «alfarma», sai dai ba su ambaci makaranta ba.

6. Shawara

A ƙamus, ya dace a rubuta bayani cikakke: «sanayyar tsofaffin ɗaliban makaranta ɗaya wajen rabon aiki da muƙami». A littafin manya masu koyon karatu, gajeriyar jimla ta fi: «abokan karatunsa ne suka yi masa hanya». Inda makarantar ba ta da muhimmanci ga labarin, «sanayya» kaɗai ta wadatar. Abin da bai kamata ya ɓace ba, ko wace hanya aka bi, shi ne ɗacin maganar, domin a bayan kowane wanda aka yi wa hanya akwai wani da ya cancanta aka bar shi a bakin ƙofa.