Daga kaskon ƙosai zuwa tankin inji: Ko tsohon man suya zai sauƙaƙa wa Mubi tsadar dizal?

Tirelolin da ke kwasar shanu daga babbar kasuwar dabbobi ta Mubi zuwa kudancin ƙasar nan, injinan niƙa da na casar shinkafa, janaretocin asibitoci da na turakun sadarwa, duk abincinsu guda ne: man dizal. Litar da ba ta kai naira 300 ba a 2021 ta haura naira 1,000 a 2024, kuma kafin ta iso wannan gari na kan iyakar Kamaru, mai nisan kimanin kilomita 200 daga Yola, kuɗin dako ya ƙara mata nauyi.

Wannan ne ya sa tambayar ta dace: shin baƙin man da ke saura a kaskon mai ƙosai, mai awara da mai suyar kifi zai iya tuƙa inji? Amsar kimiyya ita ce zai iya, kuma ba yau aka gano ba. A baje kolin birnin Faris na 1900 an nuna injin dizal yana aiki da man gyada zalla.

Sai dai injinan zamani ba sa jure ɗanyen man girki, domin kaurinsa ya ninka na dizal kusan sau goma. Yana toshe nozul, ya bar dattin gawayi a cikin inji. Dole a tsinka shi tukuna. Ana tace man, a ƙone ruwan da ke cikinsa, sannan a gauraya kowace lita 100 da kimanin lita 20 na sinadarin metanol wanda aka narka sodar yin sabulu kaɗan a ciki. A riƙa juyawa a zafin digiri 55 zuwa 60 na kusan awa guda, a bar shi ya kwana. Gilisarin, wanda masu sabulu ke so, zai kwanta a ƙasa, man inji ya taso sama. A wanke shi da ruwa, a busar.

Man da ya sha wuta da yawa shi ne mai gardama. Tsamin da ya taru a cikinsa yakan haɗu da sodar, sai mai aikin ya wayi gari da sabulu maimakon mai. Shi kuma metanol guba ne mai makantarwa, ga saurin kama wuta, don haka ba aikin tsakar gida ba ne.

Idan an dace, cakuɗin kashi 20 na wannan mai da kashi 80 na dizal, wanda ake kira B20, yana aiki a yawancin injina ba tare da an canza komai ba. Da farko yakan wanke tsohon dattin tanki ya tura shi cikin filta, sai an sauya ta da wuri. Zallarsa kuwa tana cin tiyon roba na tsofaffin motoci, kuma ƙarfinta ya gaza na dizal da kusan kashi 10. Wanda aka yi da manja yana fara daskarewa a ƙasa da digiri 15 ko makamancin haka, abin lura ga garin da ya san sanyin asubahin hunturu.

Birnin Graz na Ostiriya ya fara zuba irin wannan mai a bas-bas ɗinsa a 1994, Kyoto ta Japan kuma a motocin kwasar shara a 1997. Amma can zubar da man ake yi. A Mubi, kamar sauran garuruwan Arewa, mai suya ba ta zubar da mai: ƙara sabo take yi a kan tsoho har kaskon ya cinye shi, domin jarinta ne. Nan ne lissafin ke cijewa. Duk wanda zai kafa matatar sai ya saya a farashin da zai sa ta haƙura da shi, ko kuwa ya dogara da otal-otal da ɗakunan girkin makarantun kwana, waɗanda abin da za su tara bai taka kara ya karya ba.

Indiya ta ɓullo wa matsalar ta ƙofar lafiya. A 2018 hukumar kula da ingancin abincinta ta haramta soya abinci da man da gurɓatattun sinadaransa suka wuce kashi 25, ta kuma buɗe shirin tattara shi domin masana'antun mai. Doka ce ta fitar da man daga kasko, kasuwa ta biyo baya.

Najeriya ma tana da takarda. Manufar man tsirrai ta ƙasa ta 2007 ta yi hasashen cakuɗa kashi 10 na etanol a fetur da kashi 20 na man tsirrai a dizal, har da sassaucin haraji ga masu zuba jari. Har yau direba bai ga famfon B20 a gidan mai ba, kuma masu riƙe da fayil ɗin a Abuja sun fi kowa sanin inda ya kwana.

Abin da Mubi ke da shi a hannu shi ne Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, duk a cikin gari. Gwajin da ya fi arha shi ne a fara da ƙidaya: lita nawa na tsohon mai za a iya tarawa a mako daga tasha, kasuwa da ɗakunan girki, kuma a kan nawa masu shi za su saki. Sai a gwada B20 a janareto guda na tsawon damina da hunturu, ana rubuta abin da ya sha da yawan filtar da ya ci.