Karaya, Targaɗe da Sanyin Ƙashi: Sunaye da Abin da Suke Ɓoyewa

Bahaushe ya raba raunin ƙashi gida uku, watau karaya, da gocewa, da targaɗe. Karaya ita ce rabuwar ƙashi kansa. (Kalmar ta yi nisan kiwo, har ana cewa karayar zuciya da karayar arziki.) Gocewa ita ce fitar kan ƙashi daga mazauninsa a gaɓa, kamar yadda yakan faru a kafaɗa. Targaɗe kuwa bai taɓa ƙashi ba, jijiyoyin da ke ɗaure gaɓa ne suka miƙe ko suka yage.

Rabon nan daidai yake da na likitoci. Inda wahala take shi ne ido da hannu ba su isa su bambanta su kullum ba, gama ƙashi yakan tsage ba tare da ya kauce ba, mutum ya ci gaba da takawa yana cewa targaɗe ne. Sai bayan 1895, da Bajamushen nan Röntgen ya gano hasken da ke ratsa tsoka, aka iya ganin ƙashin mai rai ba a tsaga shi ba. Saboda haka a asibitin ƙashi irin na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, likita yakan tambayi yadda abin ya auku, ya lalluba wurin, ya duba ko jini yana kaiwa yatsu, sa'an nan ya sa a ɗauki hoto.

Aikin maɗori da na likita manufarsu ɗaya ce: a mai da ƙashi wurinsa, a hana shi motsi har ya haɗe, wanda kan ɗauki kamar mako 6 a wuyan hannun babba. Amma gaɓa takan kumbura bayan rauni. In an matse ta da karare da tsumma, jini ya tsaya, nama yana iya mutuwa cikin 'yan sa'o'i. Ciwo mai ƙaruwa, da sanyin yatsu, da canjin launinsu, alamu ne na a kwance ɗori nan da nan a tafi asibiti. Yara da yawa sun rasa hannu ta wannan hanya, alhali karayarsu ƙarama ce.

A ganina, sanyin ƙashi ya fi duka ruɗarwa, domin yana faɗin abin da mara lafiya ke ji ne kawai. Ƙarƙashinsa akwai zaizayar guringuntsin gwiwa ta tsufa, da ciwon masu sikila, da tarin fuka in ya kama ƙashin baya har ya fito da doro. Na ƙarshen nan yana warkewa da maganin tarin fuka na watanni, amma in aka tsaya shafe-shafe yana iya shanye ƙafafu.