Yadda manoman kirefish a China ke amfani da abinci wajen yaƙar cutar da ba ta da magani

Watan Mayu lokacin fargaba ne ga manoman kirefish a lardin Hubei na ƙasar China. Da zarar ruwa ya fara ɗumi, sai a wayi gari a tarar da kirefish sun mutu a gefen gona, har manoma na kiransa "baƙin Mayu".

Wannan ba busasshen kirefish ɗin da ake dakawa a miya a Najeriya ba ne, domin shi wancan ƙananan jatan lande ne na bakin teku. Na China ja ne mai manyan hannuwa irin na ƙaguwa, asalinsa daga kudancin Amurka, kuma a ruwan daɗi yake rayuwa. China na samar da fiye da tan miliyan 2 a shekara, akasari a gonakin shinkafa, birnin Qianjiang kuma shi ne cibiyar sana'ar.

Babbar barazanar ita ce cutar farin ɗigo, wadda ƙwayar bairos ke haddasawa. Tana iya share gona cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta da magani. Allurar rigakafi irin ta kaji ma ba ta aiki, saboda jikin kirefish ba ya ƙera sojojin da ke tuna cuta kamar na mutum. Garkuwar da aka haife shi da ita kaɗai yake da ita.

Shi ya sa hankali ya koma kan abinci. Ana cuɗa masa bita-gulukan, wani sinadari da ake cirowa daga yis, wanda ke zaburar da ƙwayoyin jininsa su yi shirin faɗa. Ana ƙara bakteriya masu amfani irin su Bacillus subtilis don gyara hanji, da bitamin C da E, da saiwoyin maganin gargajiyar China. Tun daga Yulin 2020 da gwamnati ta hana haɗa abincin dabbobi na sayarwa da magungunan kashe ƙwayoyin cuta don saurin girma, waɗannan ƙare-ƙaren suka ƙara samun kasuwa.

Sai dai abin na da iyaka. Idan aka riƙa ba da bita-gulukan kullum ba hutu, garkuwar kan gaji, don haka ake shawartar a ba da na wasu kwanaki a dakata. Kuma sakamakon da ake samu a tankin gwaji ba lallai ya maimaitu a gona mai laka da cunkoso ba, abin da masu talla ba su cika faɗa ba.

Lokacin saɓa ya fi haɗari. Kirefish ba ya girma sai ya tuɓe ɓawonsa, kuma kafin sabon ya yi tauri 'yan uwansa ma kan cinye shi. Saboda haka manoma ke zuba farar ƙasa don ƙara sinadarin kalsiyam a ruwa, su kuma dasa ciyayin da zai ɓuya a ciki har ɓawon ya yi ƙwari.