Sulken roba: Ƙaramar ƙusar da ke riƙe kayan yaƙin wasa a Kudancin Kaduna

Ranar 1 ga Janairun kowace shekara garin Kagoro da ke Ƙaramar Hukumar Kaura yakan cika ya batse saboda bikin Afan, inda mafarauta da 'yan rawa ke fitowa da baka da kwari da garkuwa domin tuna yadda kakanninsu suka rayu a gindin duwatsu. Bayan 'yan watanni, a lokacin Ista, al'ummar Ham sukan yi nasu bikin Tuk-Ham a Kwoi, majami'u kuma su shirya wasan kwaikwayon Juma'a Mai Kyau, wanda ba ya cika sai da sojojin Rum masu kwalkwali da sulken ƙirji. Idan Sallah ta zo, Kafanchan na da nata hawan na Masarautar Jama'a.

Duk waɗannan taruka, har da wasannin makarantu da na ƙungiyoyin matasa, suna buƙatar kayan yaƙin da ba yaƙi za a yi da su ba. Na asali ba su da yawa, ga nauyi ga tsada, kuma wanda ya gaji irinsu ba zai so a ja su a ƙasa ba. Saboda haka abin da ya fi kusa da hannun mai haɗa kayan wasa a yau shi ne roba: jarka, da duro, da fayif. Yanka robar da lanƙwasa ta ba su ne wahalar ba. Wahalar tana wajen haɗa gunduwa da gunduwa yadda ba za su rabu a tsakiyar fili ba, kuma ba za su yanki yaron da ya sa su ba. A nan ne ƙusar da makanikai da masu jaka ke kira ribit take shigowa.

Daga sulken sarakuna zuwa tukunyar jirgi

Ribit ƙusa ce da ba a kafa ta cikin abu kamar ta kafinta. Huda ake yi, a zura ta, sannan a daddale bakinta ya baje, sai ta zama mai kai biyu, ta matse abin da ke tsakani. Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Sulke mai nagarta kuwa dubban zobba ne na ƙarfe, kowane zobe ya sarƙe da huɗu, aka rufe bakinsa da 'yar ƙusa wadda ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. Masanin tarihi A.D.H. Bivar ya yi nazarin irin waɗannan kaya da ke fadojin Arewa a littafin da ya fitar a 1964.

Kafanchan ma tana da nata tarihin da wannan ƙusa. Garin ya bunƙasa ne bayan da layin dogo na Gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi, ya iso shi, aka kuma ja reshe zuwa Jos a 1927. Jiragen gawayi na wancan zamani da ribit aka haɗa tukwanensu, haka ma gadojin ƙarfe irin ta Makurɗi da aka buɗe a 1932. A wancan aikin, gasa ƙusar ake yi ta yi ja, a daddale ta da zafinta, idan ta huce sai ta tsuke ta matse farantan ƙarfen.

Roba ba ta jure irin wannan matsi, kuma daga nan kuskuren masu koyo yakan fara.

Me ya sa gam ba ya isa?

Galibin jarkoki da shuɗin duro ana yin su ne da nau'in roba mai alamar lamba 2 a gindi. Tana da juriya, tana lanƙwasuwa ba tare da ta karye ba, amma fuskarta na da santsi kamar kakin zuma, shi ya sa gam ba ya kama ta. Ko ya yi kamar ya kama a inuwa, da rana ta buga aka yi tsalle biyu sai ya saki. Haka abin yake da roba mai lamba 5, irin ta wasu bokitai da kujeru. Waɗannan sai dai ɗinki ko ribit.

Kafin a kai ga ƙusa, akwai sharuɗɗa biyu game da robar kanta. Na farko, duron da ya taɓa ɗaukar maganin feshi ko wani sinadarin da ba a san asalinsa ba bai dace ya taɓa fatar mutum ba, domin roba na shan abin da aka zuba mata, wanki kuma ba ya fitar da shi duka. Na biyu, robar da ta daɗe a rana har launinta ya koɗe ta riga ta mutu. Za ta tsage daga bakin huda ko da wace irin ƙusa aka sa mata.

Ƙusa huɗu, aiki huɗu

Ta farko ita ce ribit ta bindiga, wadda masu aikin tagogin alminiyom ke amfani da ita. An fara yin ta a Birmingham ta Ingila a shekarun 1930 domin aikin jiragen sama, kuma amfaninta shi ne ana ɗaura ta daga gefe guda. Takan zo a kauri iri-iri, mafi yawa milimita 3.2 da 4 da 4.8. A aikin roba, ta alminiyom ake nema, ba ta baƙin ƙarfe ba, domin ta baƙin ƙarfe tana ja da ƙarfin da zai iya fasa robar, ga kuma tsatsa idan gumi ya jiƙa ta. Ita ce ta dace da wurin da ba a son motsi, kamar haɗa tukkun kwalkwali ko ƙarfafa bayan garkuwa.

Ta biyu ita ce mai hula biyu, wadda dukawa da masu takalma suka fi sani. Kanta a mulmule yake ciki da waje, don haka ba ta ƙarzar fata, kuma tana da kyan gani. Sai dai ba ta ɗaukar nauyi mai yawa. Wurinta shi ne ado, da liƙa yadi ko siririyar fata a jikin roba.

Ta uku ita ce ta jan ƙarfe mai zobe, wadda ake zura wa zoben a yanke saura a daddale da guduma. Irinta ce tela Jacob Davis da ɗan kasuwa Levi Strauss suka yi wa rajista a Amurka a 1873 domin ƙarfafa aljihun wandon leburori. A kayan wasa ita ce ta fi ƙarfi wajen maɗaurin kafaɗa da na kwiɓi, inda nauyin rigar duka yake rataye.

Ta huɗu ita ce mai mace da namiji da ake murzawa da sukundireba. Ta fi sauran tsada, amma ana iya kwance ta a mayar, don haka ita ce ta gaɓoɓin da ke motsi kamar kafaɗa da gwiwar hannu, da kuma rigar da za a rage wa wani yaron baɗi. Aibinta shi ne takan kwance da kanta a wajen rawa, sai an ɗiga mata ɗan gam a zaren kafin a murza.

Awo kafin huda

Tsawon ƙusa shi ne abin da aka fi yi wa ganganci. Ga ribit ta bindiga, a haɗa kaurin duk abin da za a matse, sannan a ƙara kusan ninki ɗaya da rabi na kaurin ƙusar. Ga mai hula biyu, ƙafarta ta ɗara kaurin kayan da kamar milimita 2. Idan ta gaza, hular za ta fita. Idan ta yi tsawo, ƙafar za ta karkace ta zauna a gicciye.

Ramin kuma ya ɗara ƙusar da ɗan kaɗan, misali 3.3 ga ƙusa mai 3.2. Roba tana buɗewa da zafi kusan ninki goma na yadda baƙin ƙarfe ke yi, don haka rigar da aka haɗa da sanyin hunturu za ta motsa idan ta sha ranar tsaka. A bar tazarar da ta kai ninki uku na kaurin ƙusar tsakanin rami da bakin roba, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gara a huda da injin huda a hankali, a kan katako, a kankare bakin ramin. Ƙusa mai zafi tana huda roba, amma takan bar leɓe mai kauri da ke hana kan ribit zama daidai, kuma idan fayif ne mai lamba 3, hayaƙinsa yana da illa ga huhu.

Abin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne washa. Kan ribit ta bindiga na ciki ƙarami ne, yakan ɓula roba mai laushi ya fita. Washa mai faɗi a bayansa ita ke raba nauyin. Idan kuwa gaɓa ce mai motsi, sai a sa ɗan kwali tsakanin gunduwoyin biyu kafin a daddale, a zare shi daga baya, ya bar sararin juyawa.

Daga ƙarshe, a juya rigar a shafa cikinta da tafin hannu. Duk inda hannu ya ji kaifi, jikin ɗan wasa zai ji fiye da haka bayan sa'a uku yana rawa. A goge wurin, a rufe da soso ko yadi mai kauri. Masu lifidi na dā sun san wannan, shi ya sa ba a sa sulke a kan tsurar fata. A kuma bar ramukan iska a baya da ƙarƙashin hammata, tunda roba ba ta numfashi, bikin Ista kuwa yana faɗowa ne a tsakiyar zafin bazara.

Abin da ya shafi masu biyan kuɗi

Da yawa daga cikin ma'aikatan tarayya 'yan yankin da ke Abuja su ake tunkara idan ƙungiyar al'adu ta gida ko makaranta na neman gudummawa. Hadimai kuma su ake aikawa sayen kaya idan jiha za ta tura tawaga Bikin Al'adu na Ƙasa, wanda aka fara a 1970. Bayan da UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, idon baƙi ya ƙara komawa kan kayan da ake fita da su a bukukuwan Arewa.

Wanda zai ba da kuɗi yana da tambayoyin da ba sa buƙatar ƙwarewa. Me duron nan ya taɓa ɗauka? Akwai washa a bayan kowace ƙusa? An lulluɓe cikin rigar? An sa wa ɗan wasa ita ya yi tsalle, ya durƙusa, ya ɗaga hannu kafin ranar biki? An ajiye ragowar ƙusa da bindigarta a jakar tawaga? Kuɗin washa da soso ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da sake haɗa riguna ashirin kowace shekara, balle ɗinkin rauni a kafaɗar yaro. Araha dai ba ta ado.

Akwai kuma riba ta biyu. Yankin da ya ba duniya sunan Nok, inda aka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, ba ya rasa masu aikin hannu. Maƙera da dukawa da masu tagogin alminiyom na Kafanchan da Kwoi da Zonkwa suna da kayan aikin a shagunansu. Idan aka ba su kwangilar da wuri, ba ana saura mako guda ba, kuɗin zai tsaya a gida, kayan gado na ainihi kuma za su huta a ma'ajiya, a riƙa fito da su a ranar da ta cancanta.