Mujallun Wasannin Kwamfuta Na Da: Alƙalai Ne Ko Dillalai?

Ran 2 ga watan Agusta na shekarar 2024 aka ba da sanarwa a ƙasar Amurka cewa kamfanin GameStop ya rufe mujallar nan mai suna Game Informer, bayan ta shekara 33 tana fitowa. Ba a tsaya nan ba, har shafinta na intanet aka sauke tare da dukkan rubuce-rubucen da ke ciki. Ko da yake wani kamfani ya saye ta ya farfaɗo da ita cikin watan Maris na 2025, rufewar ta tayar wa magidanta da yawa tsohon tsumi. Mutanen da yanzu furfura ta fara keto musu suka shiga tuna zamanin da yaro kan zauna jiran ƙarshen wata domin ya ga abin da mujalla za ta ce a kan sabon wasa. Bege abu ne mai daɗi, amma ya kamata a tambaya: shin waɗannan mujallu, wa suka yi wa aiki, mai karatu ko mai sayar da wasa?

Sai an san halin da ake ciki a wancan zamani sa'an nan za a gane darajarsu. Cikin ƙarshen shekarar 1981 ne aka fara buga Computer and Video Games a Ingila, da Electronic Games a Amurka. A lokacin babu intanet a gidaje, babu kuma wata hanya da mai saye zai ga wasa kafin ya biya kuɗi. Abin da kawai yake gani shi ne zanen da ke bayan kwali, wanda sau da yawa ba shi da wata dangantaka da 'yan ɗige-ɗigen da za su bayyana a akwatin talabijin. Yaron da ya yi watanni yana tara kuɗin kashewarsa, in ya shiga kanti cinikin biri a sama zai yi. Mujalla ita ce mai hawa itacen ta dubo masa birin.

Har wasannin kansu mujallun kan bayar. Cikin shekarun farko sukan buga tsarin wasa sukutum, layi bayan layi, mai karatu ya zauna ya kwafe shi cikin kwamfutarsa da hannu. Aikin yini guda ne, kuma in harafi ɗaya ya kuskure, ko daga gare shi ko daga maɗaba'a, wahala ta tashi a banza. Daga baya aka koma manna kaset a jikin bango, sa'an nan faifai.

Mujallar da Turawan Ingila suka fi ambato da ƙauna ita ce Crash, wadda ta fara fitowa cikin watan Fabrairu na 1984 domin masu kwamfutar ZX Spectrum. Ba a birnin Landan aka kafa ta ba, a wani ɗan ƙaramin gari ne mai suna Ludlow, kusa da iyakar Wales. Waɗanda suka kafa ta, Roger Kean da 'yan'uwa biyu Oliver da Franco Frey, da ma sayar da wasanni suke yi ta gidan waya. Dabarar da suka yi mai sauƙi ce, amma babu wanda ya riga su: maimakon manya su yanke hukunci a kan abin da yara ke saye, sai suka riƙa kiran 'yan makarantar garin, su zo bayan an tashi, su buga wasa, su faɗi ra'ayinsu. Yaro ba ya jin kunyar kamfani. In wasa bai yi ba, sai ya ce bai yi ba. Cikin 1986 Crash tana sayar da fiye da kwafi 100,000 kowane wata. A ƙanwarta Zzap!64, wadda aka fara cikin 1985, Oliver Frey yakan zana fuskar kowane mai sharhi kusa da maganarsa, yana murmushi ko ya murtuke, yadda tun kafin ka karanta ka san inda aka dosa. Wani abin dariya kuma, Lloyd Mangram, mutumin da ya yi shekaru yana amsa wasiƙun masu karatun Crash, babu shi a duniya. Editocin ne suka ƙirƙiro sunan.

A Amurka kuwa al'amarin ya sha bamban. Mujallar da ta fi shiga zukatan yara can ita ce Nintendo Power, wadda ta fito cikin 1988 da hoton Mario na yumɓu a bangonta, aka raba fitowar farko kyauta ga miliyoyin gidaje. To, amma mai mujallar shi ne mai wasannin, watau kamfanin Nintendo. Ba za a yi tsammanin mai tuwo ya kushe miyarsa ba. Cikin 1990, da wasan Dragon Warrior ya yi kwantai, sai kamfanin ya mayar da shi kyauta ga duk wanda ya biya kuɗin mujallar na shekara. Ya rage kaya a rumbu, ya kuma ƙara masu karatu. Duk da haka ba daidai ba ne a ce talla ce zalla. Taswirorin da take bugawa na cikin wasanni, ɗaki bayan ɗaki, aiki ne na haƙuri da ƙwarewa, kuma sun fitar da yara da yawa daga inda suka maƙale. A ganina ita jagora ce ta ƙwarai, amma ba alƙaliya ba. Ta daina fitowa cikin Disamba na 2012, a fitowa ta 285.

Su ma waɗanda ba kamfanin wasa ne ya mallake su ba, ba su kuɓuta sarai ba. Kuɗin talla daga kamfanonin yake zuwa, haka nan wasan da za a yi sharhi a kai su ne ke aiko shi kafin ya shiga kasuwa. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa an san abin da ke kansa. Sannu a hankali maki ya lalace: wasan da bai taka kara ya karya ba sai a ba shi 70 cikin 100, don kada a ɓata wa kowa. Mujallar Amiga Power, wadda ta fito daga 1991 zuwa 1996, ta ƙi wannan. A wurinta matsakaicin wasa 50 ne hakkinsa, mummuna kuwa ya gangara ƙasa iyakar muninsa. Wasu kamfanoni suka yi fushi suka daina aika mata da wasanninsu, ita kuwa ta riƙa zuwa kanti tana saye da kuɗinta kamar kowa. Shekara biyar kawai ta yi, amma har yau in ana maganar gaskiya cikin wannan sana'a sai an ambace ta.

A Japan, mujallar Famitsu, wadda aka kafa cikin 1986 kuma har yanzu tana fitowa mako-mako, mutum huɗu ke ba da maki, kowa cikin 10. Sai da aka shekara 12 kafin wani wasa ya sami 40 cif, shi ne The Legend of Zelda: Ocarina of Time cikin 1998. Bayan shekarar 2007 makin nan na 40 ya yawaita, masu karatu suka fara gunaguni.

Akwai kuma ranar da mujalla ta yi wasa da amanar da aka ba ta da gangan. A fitowar Afrilu ta 1992, bisa al'adar Turawa ta zolaya a farkon wannan wata, Electronic Gaming Monthly ta buga cewa akwai wani ɓoyayyen gwani mai suna Sheng Long cikin wasan Street Fighter II, har da hotunan da aka haɗa. Sharaɗin ganinsa shi ne ka kai wasan ƙarshe ba a taɓa ka ko sau ɗaya ba, sa'an nan ku yi kunnen doki sau 10 da babban abokin gaba ba wanda ya taɓa wani. Asalin sunan kuskuren fassara ne daga Japananci, sunan wani naushi aka ɗauka sunan mutum. Mujallun wasu ƙasashe suka kwafi labarin ba bincike, yara suka ƙarar da kuɗinsu suna neman wanda babu. Sai cikin 2023 kamfanin Capcom ya sa shi da gaske cikin Street Fighter 6.

Mu nan Nijeriya, waɗannan mujallu a gwanjo suka fi iso mana, wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi, bayan sun yi watanni da fitowa. Makin da suka bayar bai dame mu ba ƙwarai, gama abin da mai shagon wasa ya sa cikin na'urarsa ta Sega shi za ka buga. Shafukan baya ne masu daraja, inda ake jera sirrin maɓallai na wasanni irin su Mortal Kombat. Waɗannan akan kwafe su cikin littafin makaranta, su yi ta yawo hannu zuwa hannu har takardar ta yage.

Intanet ce ta karya kasuwar, domin labarin da mujalla za ta kawo bayan wata guda an riga an gan shi kyauta. Computer and Video Games ta daina fitowa a takarda cikin 2004, GamePro cikin 2011. Edge ta Ingila, wadda aka fara cikin 1993, tana cikin 'yan kaɗan da suka rage.

Yanzu kuwa wani aiki ya faɗo wa tsofaffin mujallun wanda masu rubuta su ba su taɓa zato ba. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar cikin 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka sayar a Amurka kafin 2010 ba a samunsu a kasuwa. Kamfanoni da yawa sun mutu da takardunsu. Mai son sanin ranar da wani wasa ya fito, da nawa aka sayar da shi, da wanda ya tsara shi, sau da yawa ba shi da wata madogara sai waɗannan shafuka, har da tallace-tallacen da ake kushewa. Cikin watan Janairu na 2025 gidauniyar ta buɗe ɗakin karatu a intanet mai ɗauke da fiye da mujallu 1,500 waɗanda aka daina bugawa, kowa na iya shiga ya bincika kyauta.