Hoton Yaro Amana Ne: Mu Adana Shi, Mu Tsare Shi

Ranar zubi ce, muna zaune a inuwar dogon yaro, an buɗe asusu ana ƙidaya, sai muka lura ɗaya daga cikinmu ta yi shiru ba kamar yadda ta saba ba. Shugaba ta ce, "Ƙanwata, lafiya?" Sai hawaye. Ashe salularta ce ta ɓata a kasuwa. Muka shiga ba ta haƙuri, muna cewa Allah ya mayar da alheri. Ta ce, "Yaya, ba salular nike kuka ba. Hoton marigayi na ciki, kuma ba ni da wani." Autanta ke nan da zazzaɓi ya ɗauke da damanar bara.

Tun daga rannan muka fara duban hoto da wani ido a ƙungiyarmu.

Da yawanmu nan Matamaye mun tuna lokacin da hoto sai da salla, ko in mai hoto ya zo biki. A yi wanka, a sa kwalli, a tsaya ƙiƙam gaban labule. Hoto guda ne, amma yana nan cikin akwati har yau. Yanzu kowace uwa mai salula ta zama mai hoto. Muna ɗauka ranar suna, ranar da yaro ya fara tatata, ranar da ya shiga lakwal. Hotunan sun fi na da yawa, sai dai sun fi saurin ɓacewa. Salula ta faɗa ruwa, ko kati ya lalace, ko mai gyara ya goge, shi ke nan.

Abin da muka yanke shi ne, kowace mai so ta riƙa ware dala ashirin a mako, daban da zubi. In lokacin rabo ya zo, ta zaɓi hotuna uku ko huɗu a wanko mata su a takarda. A bayan kowane a rubuta sunan yaro da shekara, a sa cikin leda, a ajiye tare da takardar haihuwa, nesa da laima da gara. Wadda ke da ƴar'uwa amintacciya ta aika mata kwafi. In ta WhatsApp ne, a aika shi a matsayin takarda, don hanyar da muka saba tana rage wa hoto kyau, in an zo wankewa ya fito dishi-dishi.

Wajen ɗauka kuwa, ga abin da muka koya da hannunmu. Ki fara goge idon kyamara da bakin zane, don ƙurar hunturu da maiƙon hannu su ne ke sa hazo. Kada ki tsayar da yaro cikin rana tsaka. Zai runtse ido, fuska ta yi duhu. Hantsi da la'asar sun fi, ko bakin ƙofa inda haske ke shigowa, ke kuma hasken yana bayanki. Ki durƙusa daidai tsayinsa. Ki matsa kusa da ƙafarki maimakon jawo hoto da yatsa. Kuma ki bar cewa "tsaya, yi dariya!" Ki bar shi da langarsa, ko yana taya kaka ɓarar gyaɗa. Irin wannan hoton ne ke tuna mana yadda yaro yake da gaske. Ke ma ki miƙa wa wata salular ki shiga ciki. Uwaye da yawa suna da hoton kowa a gida, ban da nasu tare da ƴaƴansu.

Akwai kuma abinci a cikin sana'ar. Tsarin Mata Masu Dubara da aka fara a jihar Maradi a 1991 ya koya mana cewa ƙaramin rance na iya zama jari. Akwai gidajen da namiji baƙo ba ya shiga, alhali ana son hoton amarya, na mai jego da jaririnta, na ƴan mata ranar salla. Wannan kasuwa ta mace ce. Kuma ba mu ne farau ba: Apsatou Bagaya, haifaffiyar Damagaram, ta yi suna a Nijar da sana'ar hoto. Wata a ƙungiyarmu ta ci rance ta sayi salula mai kyamara mai kyau, tana ɗauka a biki, tana kai wa a wanke, tana biyan bashinta ba tare da an ci ta tara ba.

To, amma ga inda gizo ke saƙar. Hoton da kika sa a Facebook ko a zauren WhatsApp ya bar hannunki. Yau yana Matamaye, kafin magariba ya wuce Ɗan Barto, ya kai Daura da Kano. Ba ki da ikon dawo da shi. Yaron da kika ɗauka tsirara yana wanka don a yi dariya, gobe saurayi ne, abokai na yi masa ba'a da shi. Yarinyar da aka ɗauka tana kwance a likita, gobe amarya ce.

Saboda haka muka yi wa kanmu ƙa'ida. Ba ma ɗaukar yaro babu tufa. Ba ma ɗaukar ɗan wata sai da yardar iyayensa, kuma yardar ɗauka daban, yardar yaɗawa daban. Gidan da ba su son hoto saboda fahimtarsu ta addini, mu girmama su. Yaron da ya yi wayo ya ce ba ya so, a ƙyale shi. Baƙi masu aikin taimako ma, in sun ɗaga kyamara wajen awo ko rabon abinci, kina da damar tambaya: ina za a kai hoton, wa zai gan shi? Kina iya cewa a'a cikin ladabi. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, kuma fuskar ɗanki na cikin abin da ya cancanci tsaro.

Ita kuwa ƴar'uwarmu, Allah ya dube ta. Bayan mako uku wata maƙwabciya ta gano hoton wani suna a salularta, ga marigayi can gefe, riƙe da bakin zanen uwarsa. Muka haɗa kuɗi aka wanko shi babba. Da aka miƙa mata ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Alhamdulillahi. Wannan kam ba mai sace min shi a kasuwa."

Mako mai zuwa in za ki zo zubi, ki duba salularki tukuna. Wane hoto ne in ya ɓata ba ki da madadinsa? Da shi za ki fara.